An rubuta 3200, kwamfuta na nuna 2133: ina sauran gudun RAM ɗin ya shiga?

Ƙanina da ke sana'ar haɗa bidiyon biki da suna ya kira ni wani dare bayan isha'i, ko gaisuwa bai bari mun gama ba. Ya daɗe yana tara kuɗi, ranar ya sayo RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, sanda biyu, kowace gigabait 8, an rubuta 3200 ɓaro-ɓaro a kwalin. Ya saka, kwamfuta ta tashi lafiya lau, ya buɗe Task Manager, shafin Windows da ke nuna yadda kwamfuta ke aiki, don ya ga amfanin kuɗinsa, sai ya tarar da 2133.

"Yaya, an cuce ni. Gobe da sassafe zan mayar wa mutumin nan kayansa."

Na ce ya dakata, kada ya je ya ɗauki alhakin bawan Allah. Da alama kayan lafiyarsu ƙalau, akwai dai abin da ba a faɗa masa ba lokacin ciniki.

Lambar da ke jikin kwalin RAM ba irin ta buhun shinkafa ba ce, da in an rubuta kilo 50 ko'ina ka kai shi kilo 50 ne. Gudu ne da kamfani ya gwada sandar a kai ya ga ta jure, a cikin injin da ya dace da ita. Kafin kai ma ka same shi a ɗakinka sai abu uku sun yarda: sandar RAM ɗin kanta, da madabod, wato babban allon da aka soke ta a ciki, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Duwatsun murhu ne, ɗaya ya gaza tukunya ta karkace. Duk aikin gyaran nan bai wuce gano wanne ne cikin ukun ya ƙi ba. Abin da ke damuna shi ne yadda mutane ke sake sayen RAM, wani ma har ya sake madabod, alhali sau da yawa layi ɗaya ne a BIOS, wato shafin saitin madabod, ba a taɓa ba.

Kafin komai, a tabbata ma akwai matsalar. Masu gyara suna amfani da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CPU-Z. In ka buɗe shafinta na Memory za ka ga inda aka rubuta DRAM Frequency, kuma a nan mutane da yawa ke tsorata a banza, domin RAM mai 3200 zai nuna 1600, ko 1599 da 'yan ɗigo. Ba rabi aka yanke maka ba. RAM irin na DDR yana tura bayanai sau biyu a kowane bugun agogonsa, sau ɗaya a hawa, sau ɗaya a sauka. Agogon na bugawa sau miliyan 1600 a daƙiƙa, bayanai na wucewa sau miliyan 3200. 'Yan kasuwa sun saba rubuta 3200 MHz, amma ainihin ma'aunin shi ne MT/s, wato yawan turawa a daƙiƙa. Saboda haka ka ninka abin da CPU-Z ya nuna biyu. In 1600 ka gani, kana kan 3200, rufe manhajar ka ci gaba da aikinka. In 1066 ne, to kana kan 2133 irin ƙanina. A DDR5, nau'in RAM da ya biyo bayan DDR4 irin na ƙanina, ma haka lissafin yake: 3000 na nufin 6000, 2400 na nufin 4800.

Gudu biyu a sanda ɗaya

A jikin kowace sanda akwai wani ɗan mitsitsin cip da ake kira SPD, tamkar katin shaidarta. Da ka danna maɓallin kunnawa, tun Windows bai motsa ba, madabod zai karanta katin nan ya ga wace iri ce, nawa take ɗauka, da wane gudu za a tafi da ita. Abin da ke layin farko na katin shi ne gudun da JEDEC ta amince da shi, ƙungiyar nan ta kamfanonin lantarki mai hedikwata a Amurka da ke tsara ƙa'idojin RAM. Gudu ne na zaman lafiya, wanda kowace kwamfuta za ta iya tashi da shi. A sandunan DDR4 da ake sayar wa masu haɗa kwamfuta da kansu, yawanci 2133 ne ko 2400 ko 2666, da ƙarfin wuta bolt 1.2. A DDR5 yawanci 4800 ne da bolt 1.1. Madabod ba ya kasada. Da wannan yake tashi, tunda bai san ko furosesarka za ta jure abin da ya fi haka ba.

Gudun da ka biya kuɗi dominsa shi ma yana cikin katin, amma a wani layi daban da sai ka ce a karanta shi. Sunansa XMP. Kamfanin Intel mai ƙera furosesa ne ya fito da shi a 2007 zamanin DDR3, aka yi na biyu don DDR4, na uku kuma ya zo a 2021 tare da DDR5. AMD, ita ma mai ƙera furosesa, ta fito da nata, EXPO, a 2022 lokacin da ta saki furosesoshinta Ryzen 7000. Layin yana ɗauke da abu uku a ƙulle wuri ɗaya: gudun, da lambobin jinkiri, wato yawan bugun agogo da RAM ke jira kafin ya amsa, da ƙarfin wutar da ake buƙata. Na ƙanina, misali, 3200 ne, da 16-18-18-38, da bolt 1.35. Ka lura wutar ta haura daga 1.2. Da wannan ƙarin ne sandar ke iya gudun.

Akwai maganar da mai shago ba ya cika faɗa, wataƙila shi ma bai sani ba. A wurin Intel da AMD, kunna XMP ko EXPO obakulokin ne, wato tura inji ya wuce iyakar da suka yi alkawari a kai, kuma dukansu sun rubuta cewa hakan na iya shafar garanti. Miliyoyin mutane suna kunna shi kullum ba abin da ke faruwa, ni ma ba na haɗa kwamfuta in bar shi a kashe. Amma sanin hakan yana sa mutum ya gane dalilin da ya sa wani lokaci ake kunnawa ya ƙi, ba tare da wani abu ya lalace ba.

Kunna shi ba wuya. Ka sake tayar da kwamfutar, ka yi ta danna Delete ko F2 har BIOS ya buɗe. Sunan kawai ke rikita mutane, domin kowane kamfani da yadda yake kiransa. A madabod ɗin ASUS yana ƙarƙashin Ai Tweaker, in kuma na AMD ne mai DDR4 za ka ga an rubuta D.O.C.P. A MSI za ka iya ganin A-XMP. Gigabyte na rubuta Extreme Memory Profile a shafin Tweaker, ASRock kuma Load XMP Setting a OC Tweaker. Ka zaɓi na farko a jerin da zai fito, ka danna F10 ya adana.

Ƙanina ya yi hakan ina kan waya. Sai na ji shiru, can ya ce, "Yaya, yanzu kam ta mutu gaba ɗaya. Fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin."

Ba ta mutu ba. Duk lokacin da aka canza gudun RAM, furosesa da madabod sai sun sake koyon yadda za su yi magana da shi. Suna aika sigina, su ga yadda ta dawo, su gyara lokaci da ƙarfi a kowace waya, su sake aikawa, har sai komai ya daidaita. A DDR4 daƙiƙu kaɗan ne. A DDR5, musamman a madabod ɗin AM5, irin wanda ke ɗaukar Ryzen 7000, da RAM mai yawa, yana iya ɗaukar mintuna sikirin na baƙi, wata 'yar fitila da aka rubuta DRAM a gefenta tana ci a jikin madabod. Mutane da yawa a nan suke zare fulogi don tsoro, su katse koyon, su sake kunnawa, a sake farawa daga farko, su kuma zarewa. Ka ba ta minti biyar ko fiye kafin ka yanke hukunci.

In koyon ya gagara, yawancin madabod zai gwada sau biyu ko uku, yana kashe kansa yana kunnawa, daga nan ya koma gudun zaman lafiya ya rubuta maka cewa obakulokin bai yi ba, ka danna F1. Wasu kuma a shiru suke komawa. Shi ya sa za ka shiga BIOS ka ga XMP a kunne, ka dawo Windows ka ga 2133, ka rasa gane kan abin. In kuwa ta ƙi dawowa sam, sai a goge saitin BIOS: a zare wuta, a cire batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin madabod na 'yan mintuna, ko a haɗa ƙusoshi biyun da aka tanada don haka da bakin sukurdireba. Littafin madabod yana nuna inda suke.

Ta ƙanina ta dawo da kanta bayan zagaye uku. Na tambaye shi a waɗanne ramuka ya saka sandunan. Ya ce na farko da na uku in an ƙirga daga furosesa.

A nan matsalarsa take. Madabod mai rami huɗu yana da hanyoyi biyu zuwa furosesa, A da B, kowace da rami biyu: A1, A2, B1, B2. A yawancin na zamani, wayoyin kowace hanya suna fitowa daga furosesa su bi ta ramin farko su ƙare a na biyu. In ka saka sanda a na farko ka bar na ƙarshe fanko, sigina tana wucewa ta buga ƙarshen wayar ta dawo, kamar amsa-kuwwa a ɗakin da ba kaya, ta haɗu da mai zuwa ta dagula ta. A gudun 2133 akwai isasshen tazara tsakanin bugu da bugu, ba a ji. A 3200 tazarar ta matse, kuwwar sai ta zama kuskure. Shi ya sa littattafan madabod suke cewa a fara cika A2 da B2, wato rami na biyu da na huɗu daga furosesa. Kada kuma a jera su kusa da juna a A1 da A2, domin hanya ɗaya ke nan aka cika aka bar ɗaya. Hanya ɗaya ta DDR4-3200 tana ɗaukar gigabait 25.6 a daƙiƙa, biyu kuma 51.2. Wannan asarar ta fi ta faɗowa daga 3200 zuwa 2133 girma, kuma ita ce mai sanda ɗaya tal yake yi kullum bai sani ba.

Ƙanina ya zare wuta, ya taɓa ƙarfen akwatin don ya sauke wutar jikinsa, ya mayar da su na biyu da na huɗu, ya danna har ya ji ƙas a kowane gefe. Ya sake kunna XMP. CPU-Z ya nuna 1600.

Inda ba RAM ne ya ƙi ba

Nasa ya zo da sauƙi. Akwai waɗanda duk abin da za su yi ba za su ga lambar kwalin ba, kuma gara su sani tun kafin su ɓata dare.

Na farko su ne masu kwamfutocin ofis na hannu da suka cika kasuwanninmu, irin su Dell OptiPlex da HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre. Injuna ne masu ƙarko, an yi su ne don su shekara suna aiki ba wanda ya buɗe su, saboda haka BIOS ɗinsu yawanci ba shi da XMP kwata-kwata. Ka sa musu sanda mai hular ƙarfe da fitilu da aka rubuta 3600, layin farko na katin kawai za su karanta, su zauna a 2133 ko 2400. Abin da ya dace da su shi ne sandar nan koriya marar ado da aka rubuta PC4-2666V ko PC4-3200AA a takardarta. Ita gudunta a layin JEDEC yake, da bolt 1.2, ba ta buƙatar a kunna komai. Sau da yawa ta fi araha, kuma a irin wannan injin ita za ta fi gudu. Ko ita ɗin ma sai iyakar furosesa: Core i5-6500 a 2133 take tsayawa a waɗannan injuna, i5-7500 a 2400, i5-8500 a 2666.

Na biyu su ne masu madabod ɗin Intel na ƙasa-ƙasa. Shekaru da dama Intel ta keɓe damar wuce iyakar RAM ga madabod masu harafin Z a sunansu kaɗai. H310 da B360 da H410 da B460 duk ba sa wuce abin da aka rubuta wa furosesa. Ka haɗa i5-9400F da H310, ko i5-10400 da B460, 2666 ne rufinka ko da RAM ɗin 3600 ne. Duk da haka ka leƙa BIOS, domin kunna XMP ko zaɓen gudu da hannu zai iya ɗaga ka daga 2133 zuwa 2666 ɗin, kuma ba a raina wannan. Sai a 2021 da B560 da H570 aka buɗe ƙofar ga matsakaitan madabod, H610 kuma har yanzu a rufe yake. A ɓangaren AMD, B350 da B450 da B550 duk a buɗe suke.

Sai furosesa, wadda aka fi mantawa da ita. Sashen da ke sarrafa RAM a da yana jikin madabod ne. AMD ta mayar da shi cikin furosesa tun Athlon 64 a 2003, Intel ta bi a 2008 da Core i7 na farko. Don haka kowace furosesa tana da gudun da aka yi mata alkawari: Ryzen 1000 an ce 2666, Ryzen 2000 an ce 2933, Ryzen 3000 da 5000 an ce 3200, Ryzen 7000 an ce 5200 a DDR5. Intel ta ba furosesoshinta na zubi na 12 lambar 4800 a DDR5, manyan na 13 kuma 5600. Duk abin da ya haura nan, rabo ne. Furosesa biyu masu suna ɗaya, daga kwali ɗaya, wata ta ɗauki 3800 wata ta tsaya a 3600, ba kuma wadda za a ce ta lalace.

Yawan sanduna yana ƙara mata nauyi. AMD da kanta ta rubuta cewa Ryzen 7000 da sanda biyu 5200 ne, da sanda huɗu kuwa 3600. Ka ga faɗuwar. Sanda mai 2Rx8 a takardarta, wato mai jeri biyu na cip, ita ma ta fi mai 1Rx8 nauyi. Wanda yake son gigabait 32 ya sayi 16 guda biyu, kada ganin ramuka huɗu ya ja shi ya cika su duka da 8.

Wannan ya kawo ni ga al'adar da yawancinmu muke da ita, ba don so ba sai don aljihu: a sayi sanda ɗaya yau, in kuɗi sun samu bayan wata shida a ƙara wata. Ba laifi ba ne, kuma sau da yawa yana aiki. Amma a san cewa mafi yawan cip ɗin RAM na duniya daga kamfani uku yake fitowa, Samsung da SK hynix na Koriya ta Kudu da Micron ta Amurka. Masu sayar da sandunan, su Corsair da G.Skill da Kingston, saye suke yi su haɗa. Sanda biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya, in tazarar watanni ce tsakaninsu, ɗaya na iya zuwa da cip ɗin Samsung ɗaya da na Micron. Waɗanda aka sayar a kwali ɗaya an gwada su tare. Waɗanda ka haɗa da kanka ba wanda ya taɓa gwada su tare sai kai. In gudunsu ya bambanta, duka za su bi mai rauni. In kuma XMP ɗinsu ya saɓa, madabod zai ɗauki na ɗaya ya ɗora wa ɗayar, ta jure ko ta ƙi.

Shafin SPD na CPU-Z yana nuna katin kowace sanda, rami bayan rami, kuma a nan ake kama jabu. In takardar jiki ta ce 3200, katin kuma bai wuce 2400 ba, babu layin XMP ko ɗaya, to wannan karon kana da gaskiya, ɗauki kayanka ka koma shago da hoton sikirin a wayarka. Mai shirin saye kuma ya duba shafin intanet na kamfanin madabod ɗinsa, akwai jerin RAM da suka gwada, ana kiransa QVL. Rashin ganin naka a jerin ba ya nufin ba zai yi ba. Ganinsa dai yana rage zullumi.

In ramuka daidai ne, madabod ya yarda, sanduna 'yan kwali ɗaya ne, XMP kuma ya ƙi, abin dubawa na gaba shi ne shekarun BIOS. Lokacin da Ryzen na farko ya fito a 2017, samun 3200 a kansa wahala ne, sabunta BIOS a watannin da suka biyo baya ne ya gyara wa mutane da yawa. Haka aka sake yi a farkon DDR5. Madabod ɗin da ya shekara biyu a kan kanta yana ɗauke da BIOS na ranar da aka ƙera shi. Ka karanta ainihin sunansa da lambar bugunsa a jikinsa, ka sauko da fayil daga shafin kamfanin kaɗai, ka sa a filash mai tsarin FAT32. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka fara wannan aikin sai kana kan UPS ko inbata da ka amince da ita. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta BIOS, madabod na iya ƙin tashi har abada, sai fa irin masu maɓallin farfaɗowa a baya, wanda ASUS ke kira BIOS Flashback, Gigabyte kuma Q-Flash Plus.

Mai AM5 yana da ƙarin dalili. A Afrilun 2023 an samu wasu furosesoshin Ryzen 7000, musamman masu X3D a sunansu, da suka ƙone saboda wutar sashen da ake kira SoC ta yi yawa, abin da ke faruwa a wasu madabod in an kunna EXPO. AMD ta fitar da gyara ta ƙayyade wutar a bolt 1.3. In madabod ɗinka tsohon ajiya ne, sabunta BIOS kafin ka taɓa EXPO.

In duk wannan bai yi ba, sai a sauko mataki. Ka bar XMP a kunne don ya riƙe wuta da jinkiri, ka je layin DRAM Frequency ka rage da hannu: 3600 ya koma 3466 ko 3200, 3200 ya koma 3000 ko 2933, 6400 ya koma 6000. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, a rubuta a takarda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ka kuma duba cewa wutar RAM ta hau 1.35 ɗin da aka rubuta. Ban ba kowa shawarar ya wuce abin da ke jikin sandar ba, ko ya taɓa wutar furosesa don wani a bidiyo ya ce ya yi.

Asarar saukowar ba ta kai yadda ake zato ba, kuma lissafin mai sauƙi ne. Ka ɗauki lambar jinkiri ta farko, wadda ake kira CL, ka ninka da 2000, ka raba da gudun, zai ba ka lokacin jira a nanosakan. 3200 mai CL16 ya ba da 10. 3600 mai CL18 ma 10. 6000 mai CL30 shi ma 10. 2133 mai CL15 kuwa 14 ne da ɗan ɗoriya. Ka ga tsallen gaske yana tsakanin 2133 da 3000 ko 3200, abin da ya biyo baya ƙari ne kaɗan-kaɗan. A Ryzen 3000 da 5000 ma akwai inda ƙarin ke zama ragi: hanyar cikin furosesa da ake kira Infinity Fabric tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da RAM har wajen 3600, in an wuce inda za ta iya bi sai jituwar ta karye, jira ya ƙaru, mai 4000 ya iya komawa bayan mai 3600. A Ryzen 7000 wurin da aka fi samun daidaito shi ne 6000. Mai buga takardu da shiga intanet da wuya ya ji bambancin duk wannan. Mai wasanni da mai haɗa bidiyo za su ji. Wanda ya fi kowa ji shi ne mai furosesa irin Ryzen 5 5600G da ba shi da katin hoto daban, domin hotonsa daga RAM ɗin nan yake ci.

Tashi ba lafiya ba ne

Wannan ne ɓangaren da na fi so a ɗauka da muhimmanci. Kwamfuta na iya tashi a 3600, Windows ya buɗe, komai ya yi kyau, alhali RAM yana kuskure ɗaya a cikin biliyoyin turawa. Alamunsa a warwatse suke zuwa: shuɗin sikirin mai rubutun MEMORY_MANAGEMENT, manhaja ta rufe kanta ana tsakiyar aiki, fayil ɗin da aka matse ya ƙi buɗewa. Mafi muni shi ne wanda ba ya nuna alama, ya shiga cikin abin da kake adanawa. Ka yi tunanin bidiyon ɗaurin auren mutane da ba za a sake ɗauka ba. Gara 2933 da ba ya kuskure da 3200 mai kuskure sau ɗaya a mako.

Gwajin kyauta ne. Ka sa manhajar gwajin RAM mai suna MemTest86 a filash, ka tayar da kwamfutar daga kansa, ka bar shi ya yi zagayensa huɗu, zai ɗauki sa'o'i. Kuskure ɗaya ma ya yi yawa. In ya fito, ka kashe XMP ka sake. Ya ɓace, to gudun ne ya fi ƙarfin injin, sauko mataki. Bai ɓace ba ko a 2133, to akwai abin da ya lalace da gaske. Sai ka gwada sanda ɗaya-ɗaya a rami ɗaya. Kuskuren da ke bin sanda duk inda ta je, na sandar ne. Wanda ke maƙale a rami ɗaya ko wace sanda aka sa, na madabod ne ko na mazaunin furosesa: ƙusa ɗaya da ta lanƙwashe a mazaunin, ko fankar furosesa da aka ɗaure sukurorinta fiye da kima, tana iya kashe hanya guda sukutum.

Yanayinmu ma yana da hannu. RAM ɗin da ke bakin iyakarsa yana iya cin gwaji da sanyin safiyar hunturu ya faɗi da azahar ɗin watan Afrilu, a shagon da ba iska, domin cip ɗinsa yana saurin zubar da abin da ya riƙe in ya yi zafi. Ka yi gwajin a irin zafin da kake aiki a ciki, akwati a rufe yadda ka saba. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ramukan da ba kowa. Kafin ka soka sabuwar sanda ka hure ramin da abin hura iska, in haƙoran sandar sun dushe ka goge su a hankali da magogin fensir, ka kakkaɓe.

Bayan kamar wata guda ƙanina ya sake kira. "Yaya, ta koma 2133, ban taɓa komai ba wallahi." Na ce ya duba agogon kwamfutar. Ya ce ai kwana biyu ke nan kullum da safe sai ya gyara kwanan wata. Madabod ɗinsa na hannu ne, kuma kowane dare yana kashe soket a bango saboda tsoron wutar da ke dawowa da ƙarfi. Batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS in babu wuta, nasa kuma ya ƙare. Duk dare saitin na gogewa, XMP ya koma a kashe. Ya sayo sabo wurin mai gyaran agogo a bakin titinsu, ya saka, ya sake kunna XMP, ya bar MemTest86 ya kwana yana aiki a kan inbata. Bayan sallar asuba ya turo min hoton sikirin: zagaye huɗu, kuskure sifili.